Fitilar A-kori-kura da Haƙƙin Hanya

Wanda ya taso daga Maraɗi ya nufi arewa, ya ratsa Kornaka har ya sauka Dakwaro, yakan ɗauka ya kai ƙarshen tafiya. Ga mutanen ƙaramar hukumar Rumbu kuwa, daga nan ne tafiya take somawa. Ƙasarsu tana kan iyakar noma da kiwo, a gefen Kwarin Tarka, inda ake ɗauka nan ne layin da dokar 1961 ta shata domin gonaki su tsaya, a bar wa dabbobi abin da ya yi arewa. Hausawa manoma da Fulani da Buzaye makiyaya suna cin kasuwa ɗaya a Sakabal, kuma hanya ɗaya suke bi zuwa gare ta. A mafi yawan wurare hanyar nan ba ta da kwalta, ba ta da burji. Sawun taya ne guda biyu a kan rairayi, wanda iska kan shafe da rani, ruwa kuma ya karkatar da shi ta bayan wata gona da damina.

Da rana ido ya wadatar. Direba yana hango gawo ko aduwar da ya saba yin alama da ita, yana hango garke tun daga nesa, yana gane rairayi mai riƙe taya daga launinsa. Da dare kuwa duk wannan sani yakan taƙaita ga ɗan filin da fitilun gaba suka haska. Kuma mai a-kori-kura a wannan yanki ba shi da yadda zai kauce wa tafiyar dare. Kasuwa ba ta watsewa sai rana ta kusa faɗuwa, lodin buhunan gero da wake da awaki yakan kai bayan magariba, zafin bazara yakan tilasta a kwanta da rana a tashi da sanyin dare, ciwo da naƙuda kuwa ba su duba agogo. A ƙauyen da motar asibiti ke wuyar samu, motar kasuwa ce ke ɗaukar marar lafiya. Don haka maganar fitilar mota a nan magana ce ta rai.

Sai dai haske yana da wata ɗabi'a da ta raba shi da sauran kayan mota. Wanda ya sa sabuwar taya, shi da fasinjojinsa ne za su ji daɗinta ko su sha wahalarta. Wanda ya ƙara fitila kuwa ya shiga idon duk wanda zai gamu da shi a hanya, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da ya faru ga wani direba na ƙasar Rumbu ya isa ya nuna yadda wannan al'amari yake.

Daga rawaya zuwa fari

Direban nan ya soma ne a matsayin yaron mota, a bayan wata tsohuwar Peugeot 504 mai rumfar tamfol. Irin waɗannan motoci su ne suka daɗe suna ɗaukar kasuwannin ƙasar Hausa a kansu: 404 ta fito a 1960, 504 ta biyo ta a 1968, daga 1975 kuma aka soma harhaɗa Peugeot a Kaduna. Motar maigidansa daga Faransa aka shigo da ita, kuma fitilunta rawaya ne, domin tun daga shekarun 1930 har zuwa 1993 dokar Faransa ta wajabta wa motocin ƙasar fitila mai ruwan ɗorawa. Hasken nan ba shi da nisa, amma ba ya cizon ido. Maigidan yakan tafi a hankali, inda sawu ya ɓace kuma sai ya tsaya ya ce wa yaron: “Sauka da tocila ka nemo mana hanya.” Ta haka yaron ya san ƙasar da tafin ƙafarsa kafin ya san ta da sitiyari. Abin da fitila ta kasa, haƙuri da sanin ƙasa suke cikawa.

Bayan shekaru, da ya tara abin da ya tara, dangi kuma suka tallafa, ya sayi tasa motar: Toyota Hilux ta hannu, irin waɗanda a lokacin ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a koro su arewa. Fitilunta na halojin ne, masu ƙwan da ake kira H4, wanda aka soma amfani da shi a Turai a 1971. Ƙwan yana da zare biyu a ciki, ɗaya mai wat 60 na hangen nesa, ɗaya mai wat 55 na kusa. Direbobin Nijar kan kira su far da kod, takwarorinsu na Najeriya kuma su ce ful da dim. A takarda wannan haske ya fi na tsohuwar Peugeot nesa ba kusa ba. A zahiri kuwa rana da rairayi sun riga sun dusashe murfin fitilun, wayoyin sun tsufa, hasken da ke isa ƙasa bai fi na fitilar ƙwai da yawa ba. Ya yi ta lallaɓawa da su haka, yana dogaro da sanin da ya gada daga maigidansa.

Wata damina, da tsakar dare, aka buga masa ƙofa. Wata mata ce a wata ruga ta kwana biyu tana naƙuda, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai an kai Dakwaro. Aka shimfiɗa mata tabarma da katifa a bayan mota, mijinta da uwarta suka zauna gefenta. An yi ruwa da yamma, hanya ta cika da tabkuna, dole aka riƙa ratsewa ta gefen gonaki. A wata ratsa motar ta hau wani kututture da ciyawa ta rufe, taya ta fashe, jak kuma ya yi ta nutsewa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kafin a sake taya a gano sawun hanya an ɓata wajen awa biyu. Sun isa asibiti da kiran asalatu. Matar ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Babu wanda ya ɗora wa direban laifi; mijin ma da ya zo biyan kuɗin mai cewa ya yi: “Malam, ka yi iyakar ƙoƙarinka, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa.” Amma kututturen nan ya zauna a zuciyar direban, domin ya san da fitila ta nuna masa shi da ya kauce.

Kasuwar haske

Da kaka ta yi, kuɗi suka ɗan shigo, sai ya nufi Maraɗi wajen masu sayar da kayan mota. A yau shagunan nan cike suke da haske iri-iri. Tarihin abin gajere ne. Ƙwan halojin ya shiga fitilun mota a 1962. A 1991 kamfanin BMW ya fito da fitilar zenon, mai haske fari da ɗan shuɗi. A farkon shekarun 1990 wasu masana uku na Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da LED mai shuɗin haske, wanda ya buɗe hanyar samun farin haske mai ƙarfi da wuta kaɗan, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Wannan binciken ne ya kori fitilar kananzir daga ɗakunan ƙauye, ya kawo tocila mai araha da fitila mai aiki da hasken rana wadda ɗan makaranta ke karatu da ita. Shi ne kuma ya kawo doguwar sandar fitila mai jerin ƙananan ƙwayaye da ake ɗaurawa a kan rufin mota.

Direban ya sayi sandar nan, ya sayi zagayayyun fitilu biyu na ƙari, ya kuma cire ƙwayayen halojin ya sa na LED a gurbinsu. Wani saurayi a bakin tasha ya haɗa masa su duka a kan makunni ɗaya, ya ja waya kai tsaye daga batir. Daren da ya koma gida yara suka fito suna ihu, wai rana ta fito a kan mota. Tun daga ƙofar gari ana ƙirga rassan bishiyar da ke bakin rijiya. Ya ji kamar an sauke masa wani nauyi, ya ce a ransa babu kututturen da zai sake ɓoye masa.

Ba a daɗe ba abubuwa suka soma bayyana. Na farko, da hunturu ya shigo da hazonsa, ko kuma wata mota ta riga shi ta tayar da ƙura, hasken rufin yakan bugi ƙurar da ke daidai idonsa ya dawo masa, sai ya ga farin bango a gabansa. Na biyu, ramuka suka daina nuna kansu. Abin da ke nuna wa direba rami da dare shi ne inuwar da ke kwance a cikinsa, kuma hasken da ya fito daga ƙasa-ƙasa shi ke yin inuwar. Wanda ya sauko daga saman kai yakan cika ramin da haske, hanya ta zama kamar shimfiɗaɗɗen zane. Na uku, gefen hanya ya ƙara duhu. Ido yakan daidaita kansa da abin da ya fi haske a gabansa, saboda haka raƙumi ko saniyar da ke shirin shigowa daga gefe ba a ganinta sai ta shigo. Na huɗu, wanda ya fi sauran haɗari, ƙafarsa ta ƙara nauyi a kan totur. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Haske ya ƙaru, birki da rairayi kuwa suna nan yadda suke.

Wani dare na kasuwar Sakabal ya ɗauko lodi mai nauyi. Buhuna sun danne bayan motar, hancinta ya ɗaga, dukkan fitilun suka koma kallon sama da fuskokin mutane. A wata kwana ya gamu da amalanken jaki, wani dattijo a kai da jikansa. Jakin ya tsaya cak cikin hasken, sa'an nan ya zabura ya yi gefe, taya ɗaya ta faɗa kwazazzabo, amalanken ya kife. Direban ya tsaya, shi da yaron motarsa suka ruga. Yaron dattijon bai ji ciwo ba, shi kuwa dattijon ya gurɗe a hannu, geron da ya auno ya zube cikin rairayi.

“Sannu Baba, sannu. Wallahi ban gan ka da wuri ba.”

Dattijon yana riƙe da hannunsa, yana ta ƙifta ido, ya ce: “A'a ɗana, kai ka gan ni. Ni ne ban ga komai ba. Ka kwashe duhun da ke gabanka ka zuba mini a ido.”

Aka tayar da amalanken, aka tsince abin da ya tsintu na geron, direban ya cika masa ragowar daga nasa buhun, ya kuma kai shi wajen mai ɗori. Dattijon bai nemi komai ba bayan haka.

Wajen mai waya

A Dakwaro akwai wani tsohon mai gyaran wayar mota, wanda ya yi aiki a garejin Maraɗi da na Kano kafin ya dawo gida. Wajensa direban ya kai motar. Tsohon bai ce a cire komai ba da farko. Ya ɗauko na'urarsa ta awon wuta, ya auna a bakin batir, ya sake aunawa a bakin fitila, ya nuna masa bambancin. Ya bayyana masa cewa wutar da ke fita daga batir tana bin doguwar hanya, ta shiga makunnin sitiyari ta fito, ta ratsa tsofaffin wayoyi da mahaɗai masu tsatsa, kafin ta kai ga ƙwan ta rage. Ƙwan halojin kuwa ba ya yafe wannan ragi: in wutar ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30. “Fitilarka ta asali yunwa take ji,” in ji shi. “Kai kuma maimakon ka ba ta abinci sai ka auro mata kishiyoyi.”

Maganin wannan yunwa shi ne ɗan akwatin da ake kira rele. Ana jawo waya mai kauri daga batir zuwa fitila ta gajeriyar hanya, a sa rele a tsakani, makunnin sitiyari ya koma ba da umarni kawai da ƴar wuta kaɗan. A kusa da batir kuma dole a sa fiyus, domin wayar da aka ja ba fiyus, ranar da ta goge ta taɓa ƙarfen mota, gobara ce, kuma a bayan a-kori-kura sau da yawa akwai jarkar mai da mutane. Tsohon ya yi masa lissafi: ƙwai biyu masu wat 55 a kan bolt 12 suna jan wajen amfiya 9, masu sa ƙwai mai wat 100 suna jan kusan 17 ta cikin wayar da ba a yi ta don haka ba, shi ya sa soket ke narkewa. Duk fitilar da aka ƙara kuma bashi ce a kan altaneta mai cajin batir, in bashin ya fi ƙarfinta sai a wayi gari a daji mota ta ƙi tashi.

Daga nan ya koma kan ƙwayayen LED da aka cusa a gurbin halojin. Kwanon da ke cikin fitila, mai walƙiya kamar madubi, an ƙera shi ne domin ya tattara hasken ɗan siririn zare da ke zaune a wuri ɗaya tak, ya kwantar da shi a kan hanya, ya yanke shi daga sama don kada ya shiga idon mai zuwa. In aka sa ƙwan da haskensa ke fitowa daga wani wuri daban, kwanon yakan watsa shi ko'ina. Mai mota ya ga fari fat a gabansa ya yi murna, alhali abin da ke kaiwa nesa bai ƙaru ba, wanda ke shiga idon mutane ne ya ƙaru. Bugu da ƙari, irin waɗannan ƙwayaye suna da ƴar fanka a bayansu mai sanyaya su, ƙurar ƙasar nan kuwa ba ta barin fanka ta daɗe. Aka mayar da halojin sababbi, tsohon yana gargaɗin yaron mota kada ya taɓa gilashin ƙwan da yatsa, domin maiƙon hannu yana rage masa kwana. Aka goge murfin fitilun har suka washe, aka kankare tsatsar inda waya ke kama jikin mota.

Da magariba ta yi sai aka kai motar fili mai daidai, aka tsayar da ita mita 10 daga wani bango. Tsohon ya auna tsayin fitila daga ƙasa, ya ja layi da gawayi a bangon, ya sake jan wani santimita 10 a ƙarƙashinsa. Ya ce iyakar hasken kod ta sama ta tsaya a layi na biyu. Ya sa aka ɗora buhuna a baya, direban ya ga da idonsa yadda hasken ya haye layin ya tafi sama. “Ranar da ka yi lodi, ka tuna da bangon nan,” in ji tsohon. “Ka matso da nauyi gaba, ka sunkuyar da fitila. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.”

Zagayayyun fitilun biyu aka sauko da su kan bamba, ƙasa-ƙasa, aka ɗan buɗa su hagu da dama domin su nuna gefen hanya, su kuma bi ta ƙarƙashin ƙura. Sandar rufi aka bar ta, amma aka ba ta makunninta daban, aka haɗa ta yadda ba za ta kama ba sai far na kunne, da zarar an koma kod kuma ta mutu da kanta. Wurinta shi ne daji marar kowa, lokacin neman sawun da ya ɓace ko ratsa gona da marar lafiya. A ƙarshe tsohon ya zagaya bayan motar ya nuna jajayen fitilun baya, ɗaya a fashe, ɗaya ba ƙwai. Ya ce direbobi suna kashe dukiya don su gani, suna mantawa da cewa rabin tsira a hanya shi ne a gan ka.

Haƙƙin hanya

Abin da tsohon ya koyar da awo da gawayi, tarbiyyar Hausa ta riga ta san shi ta wata fuska. Tun zamanin da tocila ta shigo ƙauye, yaron da ya haska fuskar babba da dare yakan sha faɗa. Ana haska ƙasa ne, a yi sallama, murya ta gabatar da mai ita. Wanda ya shiga gidan mutane da fitila yakan sunkuyar da ita, domin dare sutura ne ga wanda ke kwance a tsakar gida. Haske a fuska tuhuma ce, shi ya sa aka bar shi ga mai gadi da mai neman ɓarawo. Malamai kuma suna karantar da cewa hanya tana da haƙƙi a kan mai amfani da ita, kuma cikin abubuwan da hadisi ya lissafa akwai kame ido, da kame cuta, da amsa sallama. Direban da ya hango mai zuwa ya sauke far ya koma kod ya cika ukun nan a lokaci ɗaya: ya sunkuyar da idon motarsa, ya kame cutarsa, ya kuma yi gaisuwar da ɗan'uwansa zai amsa da irinta.

Inda aka bar wannan ladabi, abin da ke biyo baya sananne ne. Wanda aka kashe wa ido yau, gobe zai je kasuwa ya sayo fitilar da ta fi ta wanda ya kashe masa, domin ya rama. Jibi na uku ya sayo wadda ta fi tasu. Kowa ya ƙara haske, kowa ya rage gani. A ƙa'idar tuƙi ta Faransa an tanadi kod ya haska aƙalla mita 30, far kuma mita 100. Motoci biyu da suka fuskanci juna, kowace tana gudun kilomita 60, suna cinye mita 100 da ke tsakaninsu cikin sakan 3. Idon da haske ya buga yana buƙatar wasu sakanni kafin ya dawo, na mai shekaru kuma ya fi jinkiri, balle wanda yana ta soma rufe wa ido ko mai fama da dundumi. A cikin waɗannan sakanni makaho ne ke riƙe da sitiyari.

Waɗanda suka fi shan wahalar wannan gasa kuwa su ne waɗanda ba su cikinta. Mai amalanke ba shi da fitilar da zai rama da ita. Haka ɗan kabu-kabu da ya goyo mace da jariri, haka matan da suka yi dare a rijiya, haka makiyayin da ke ratsa hanya da garkensa a kan burtali. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi a Nijar, kuma a ƙasa irin ta Rumbu burtali ya girmi sawun mota. Dabba ba ta san kod ba, ba ta san far ba. In haske ya buge ta, ko ta daskare a tsakiyar hanya ko ta watse, makiyayi ya kwana yana nema. Ko namun dajin Gadabeji da ke arewa, gandun da aka keɓe tun 1955 aka kuma mayar wa raƙuman dawa a 2018, suna da rabonsu a cikin duhun dare.

Doka tana nan a rubuce, jandarmomi kuma suna bakin aikinsu a manyan hanyoyi. Amma da ƙarfe biyun dare, tsakanin ruga da ƙauye, babu mai tsaron makunni sai tarbiyyar mai hannu a kansa. A nan ne aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu yake. Darasin bango da gawayi darasin lissafi ne da za a iya yi da tocila a cikin aji, yara su ga yadda ɗan karkacewa kaɗan a kusa ke zama babba a nesa. Ƴan wasan kwaikwayo da suka saba faɗakarwa a kan allurar rigakafi da karatun ƴaƴa mata suna iya ɗaukar jaki da dattijo da mai sandar fitila su kai dandali. Gidajen rediyon karkara suna da masu saurare a kowace tasha. Yaran da ke zaune a aji yau, da yawansu su ne yaran mota da ƴan kabu-kabun gobe, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shi dai direban yana nan yana bin kasuwanninsa. Ya sayo wani nadi na leda mai ƙyalli, irin wadda ke mayar da haske, yana yankawa yana manna wa amalanken garinsu a baya da gefe, kyauta, domin ya lura cewa ɗan tsinken nan mai araha yana nuna masa amalanke tun daga nisan da sandar rufi ba ta nuna masa ba. Ya ɗauki masu naƙuda da dama bayan wancan daren, kuma a irin wannan tafiya yakan kunna duk abin da yake da shi, ba ya jin kunyar kowa, domin don ita aka sayi hasken. Amma da ya hango ƙyallin ido ko ɗigon tocila a gaba, hannunsa ya riga tunaninsa zuwa makunni. Sabon yaron motarsa ya taɓa tambayarsa dalilin da ya sa yake rage wuta ga mai jaki, wanda ba shi da fitilar da zai rage masa. Ya ce: “Shi ne ma ya fi cancanta, tunda ba shi da abin ramawa.”

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.